Taguwar Kakan Kakanmu

A takardar haihuwata, bayan sunana da na mahaifina, akwai suna na uku da duk gidanmu ke ɗauke da shi: Maitaguwa. Tun ina lakol, wato makarantar boko, a Gazawa na san fassararsa, domin Baffa, yayan mahaifina, bai bar kowa cikin duhu ba. A faɗarsa, kakan kakanmu mutumin arewa ne, dogo, fari, wanda ya sauko daga Abzin a kan wata farar taguwa, wato raƙuma mace, wadda ba ta durƙusa wa kowa sai shi. Ya iso Gangara ranar kasuwa, ƙasar ta yi masa, ya zauna.

Baffa manomi ne, gajere, baƙi wuluk, bai taɓa hawa abin da ya fi jaki tsawo ba. Duk da haka in ayarin raƙuma ya ratsa gari sai ya fito ƙofar gida ya goya hannu a baya, yana duban dabbobin ɗaya bayan ɗaya kamar an kawo masa su ya tantance. In aka yi tuwon da bai yi masa ba, cewa yake cikinsa na madara ne, gado ne.

Rigimar ta tashi ne a wajen wani bikin suna. Wani taubashinsa, wanda ba ya raga masa, ya ce a gaban jama'a, "Kai da ake cewa jikan mai raƙuma, ko guntun akala an taɓa gani a gidanku?" Aka yi dariya. Baffa bai ci naman sunan ba. Washegari da hantsi ya aiko a kira ni.

"Kai ne ka yi boko. Nemo littafi da alƙalami. Za mu bi asalinmu har tushe, ka rubuta, in kai wa wancan mara kunyar."

Muka hau babur ɗina, shi a baya, riƙe da ƙuguna kamar zai tsinka ni biyu. A Agiye muka fara da wani buro inda ake ajiye tsofaffin takardu. Ma'aikacin ya yi ta bincike har ya zaro wata takarda ja da gara ta cinye gefenta. Sunan na nan, an rubuta shi da Faransanci, amma babu raƙuma, babu Abzin. Baffa ya ce Nasara ba su san darajar dabba ba, shi ya sa.

A Cadawa wani tsoho mai sayar da igiya ya ce ya san sunan, amma labarin ba a bakinsa yake ba. Ya ce mu tafi wajen garin Sae Sabuwa, akwai wata tsohuwa, jikar Maitaguwa ce ta wajen uwa, in dai tana da rai.

Tana da rai. Mun same ta a gindin bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa, idanunta sun dushe amma kunnenta garau. Baffa ya durƙusa ya gaishe ta, ya jero dangantaka har ta gane shi. Sannan ya gyara murya.

"Iya, mun zo ki ba mu labarin Maitaguwa da raƙumarsa."

Ta tsayar da hannu. "Mi ka ce?"

Ya maimaita.

"Sake faɗin sunan."

Ya sake. Sai tsohuwa ta fara dariya. Ta yi har ta kifar da ƙwaryar gyaɗar, kaji suka taru. Da ta samu numfashi ta ce, "Wanga yaro, kun karkatar da sunan. Ba taguwa ta hawa ba, taguwa ta sawa. Riga!"

Yaron da take nufi ya haura saba'in. Na ga gemunsa ya motsa.

Ta ce kakanta daga kudu ya zo, daga ƙasar Katsina, da ƙafa, da kayan taba a ka. A lokacin mazan ƙauyen warki suke ɗaurawa, shi kaɗai ke da riga, wata ƴar taguwa ta saƙi mai gajeren hannu. Duk saurayin da zai je gaishe da surukai sai ya zo aro. Wanda aka kira gaban hakimi ma haka. Ladan aron ƙwaryar fura ce. Ta ce akwai ranar da aka ɗaura aure biyu, angon farko ya cire rigar a bayan rumbu, na biyu ya zura ta da zufar ɗan'uwansa a ciki. Shi kuwa mai rigar yakan zauna a ɗaka tsirara daga cibiya zuwa sama har a dawo masa da kayansa.

"To, Iya," in ji Baffa, murya ƙasa-ƙasa, "dogo ne dai?"

"Kamar kai."

"Fari?"

"Na ce maka kamar kai."

Ni ina rubutu, ina cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Baffa ya juyo ya dube ni. Na daina rubutun.

Ya yi ƙoƙari na ƙarshe. "Ko sau ɗaya bai taɓa hawa raƙumi ba?"

Ta yi tunani da gaske. Ta ce ta ji an ce wani raƙumin Buzaye ya taɓa cizonsa a kafaɗa a kasuwa, ya yaga rigar, aka yi mako biyu ba wanda ya je zance a garin.

Ta sa aka dama mana fura, ta ɗaure mana gyaɗa a leda. Da za mu tashi ta shafa fuskar Baffa da hannu biyu, ta ce goshin kakanta ne sak. Abin ya taɓa shi, na gani, don ya daɗe a durƙushe.

Muka kamo hanya har muka dawo Cadawa. Nan Baffa ya ce in tsaya wajen mai nama. Ya ci tsinke huɗu, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, sannan ya ce, "Amma ka lura, duk garin shi kaɗai ke da riga."

Na ce na lura.

"To rubuta wannan. Ka ja layi a ƙasa."

Mun iso gida bayan la'asar, mun tarar maza sun cika zaure suna jira, har da taubashin. Baffa ya zauna a tsakiya ya ce mun samo gaskiya, kuma ta fi abin da ake faɗa. Kakanmu attajiri ne wanda ya suturta gari guda, babu auren da aka ɗaura a zamaninsa ba da sa hannunsa ba. Ya nuna taubashin da yatsa.

"Kai ma kakanka a rigarmu ya yi aure. Ba don mu ba, da ba a haife ka ba."

Taubashin ya ce a karanta masa daga littafin. Baffa ya ce rubutun bai bushe ba. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, ya ci malmala biyu, ya nemi ƙari.