Fuskar Tryphena

A wani ƙauye da ke bakin kogin Connecticut, zamanin da Amurka ba ta daɗe da kafuwa ba, idan aka yi rasuwa, daga fasto sai Zerviah Loomis ake nema. Tun tana makarantar 'yan mata hannunta ya faɗa da fenti mai ruwa. Takan zana dutsen kabari, bishiyar wilo mai rassa masu zubowa ƙasa ta sunkuyo a kansa, ga mace cikin baƙaƙen kaya ta rufe fuska da hankici. Sai ta rubuta sunan mamacin, dangi su rataya a ɗaki.

Mijinta Asahel maƙeri ne mai barkwanci. Yakan leƙo ya ce, "Ke dai ba kya zana mai dariya? Kowa naki kuka yake!"

"Maigida, koma maƙerarka, kada ka shafa min gawayi a takarda."

Wata shekara da sanyi, zazzaɓi ya shigo gari ya ɗauke Asahel. Ba a tashi daga makoki ba ya koma kan 'yarsu tilo, Tryphena, yarinya mai wushirya. Ƙasa ta daskare, kabari ya ƙi haƙuwa, aka ajiye uba da 'ya a rumbu sai da ƙanƙara ta narke.

Zanen makokin Asahel ta yi shi yadda ta saba. Na Tryphena kuwa dutse bai ishe ta ba, fuskar take so, alhali ba ta taɓa zana fuska a buɗe ba. Ta zana, ta wanke, ta sake, har takarda ta huje. Da ta ga kamar ta dace, ta kai wa maƙwabciyarta, tsohuwa Huldah.

"Inna, kin gane ta?"

Huldah ta ƙura ido. "Ba 'yar gidan Pratt ba ce?"

Zerviah ta koma gida ta rufe ido don ta ga 'yarta. Fuskokin da ta zana ne suka yi ta zuwa, ta ainihin ta ɓace a cikinsu.

Ta daina karɓar aiki. Yayanta Elnathan ya ɗauke ta zuwa gonarsa, yana ba ta baki: "Bari haka, ƙanwata. Allah ya san fuskarta."

"Shi ya sani, Yaya. Ni uwarta fa?"

Can ta tsufa tana kaɗin ulu. Duk baƙon da ya zo daga ƙauyensu sai ta riƙe masa hannun riga ta tambaye shi kamannin yarinyar. Waɗanda suka san ta suka yi ta mutuwa. Na ƙarshe, wani tsoho mai tuƙa keken doki, ya yi tunani, ya ce shi a saninsa ɗa namiji Asahel ya haifa.