Zaman Kujera Ya Kusa Kai Ni Kabari

Salama gare ku, 'yan'uwa. Wata goma sha ɗaya ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu tambaya ko na rasu, ina nan da raina. Hannun rubutun ne ya mutu na wani lokaci, yau kuma da ya farfaɗo, da faɗa zai fara.

Ga wanda bai san ni ba, kafinta ne ni a kasuwar Gadarif. Shekara arba'in ina haɗa angarib, gadonmu na katako da igiya. A keke nake zuwa, a keke nake komawa, har cikin caɓin damina. Ban taɓa sanin ƙwayar hawan jini ba.

Da na cika sittin da biyar, babban ɗana Usman, wanda Allah ya buɗa wa a cinikin riɗi, ya zo ya tsuguna gabana.

"Baba, ana zaginmu. Wai ina loda riɗi mota-mota daga gonakin Simsim, ubana yana fama da keke. Ka huta haka nan."

Na ce ban gaji ba. Ya ce ba sai na gaji ba.

Aka kyautar da keken, aka ba da shagon haya, aka kawo mini kujera mai laushi da talabijin. Ni ma da laifina, don na ji daɗin a ce ɗana ya ɗauke mini wahala.

Shekara biyu ina zaune. Shayi da sukari, gahawa da sukari, tuwon asida, barci. Masallacin Juma'a da nake jin kiran sallarsa daga ɗaki, a raksha, babur mai ƙafa uku, ake kai ni. Tumbi ya fito, kowa na cewa, "Ma sha Allah, Haj ya samu hutu."

Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in kira maiɗakina Hawwa, harshe ya yi nauyi.

Suka kai ni wani ƙaramin asibitin kuɗi. Wanda ya duba ni ko jinina bai auna ba. Ya kalli furfurata ya ce, "Ya Haj, tsufa ne. A shekarunka me kake jira?" Ya rubuta maganin ƙarin kuzari.

Har gobe in na tuna maganar nan zuciyata tafasa take. Me nake jira? Wato tsoho ba ya ciwo, mutuwa kawai yake yi?

Bayan kwana biyu ƙafa ta bi hannu. Hawwa ce ta yafa mayafi ta ce wa Usman, "Ko ka kawo mota, ko in goya shi."

Babban asibiti ya cika maƙil, tun da yaƙi ya koro mana jama'a. Yini guda na yi a baranda kafin gado ya samu. Awon jini, awon sukari, awon zuciya, sai hoton kai, wanda shi kaɗai ya ci kuɗin angarib huɗu.

Likita ya ce, "Jalɗa ce, jini ya toshe a ƙwaƙwalwa. Hawan jinin nan ya daɗe. Me ya hana ku zuwa ranar farko?"



Ban ji tsoron mutuwa ba. Abin da ya sa ni kuka shi ne ranar da ɗana ya ɗauke ni cak ya kai ni bayan gida.

Sai aka haɗa ni da mai gashin ƙashi da motsa jiki, Ustaza Amna. Ta tambayi sana'ata, ta ji labarin kujera, ta juya ga Usman.

"Mutum yana tuƙa keke kullum, kuka zaunar da shi? Ƙarfen da aka ajiye ai shi ke tsatsa."

Usman ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a jallabiyarsa. Ya ce, "Wallahi gata na yi niyya."

Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Da muka koma gida aka so a maimaita. Wannan zai ba ni abinci a baki, wancan zai sa mini takalmi. Da karkataccen bakina na ce duk wanda ya sake taɓa cokalina ban yafe ba. Rabin miya a riga take ƙarewa, amma ni nake ci.

Ustaza ta sa aka kawo mini igiyar angarib. Mako uku na yi kafin in ƙulla ƙulli ɗaya. Tafiya kuwa daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bishiyar maina, sannan bakin titi.

Watan jiya aka yi rasuwa a unguwa. Na matsa zan kama makara, wani ya tare ni: "Haj, bar wa masu ƙarfi." Na ture hannunsa, na sa kafaɗar nan ta dama da ta mutu. Taku bakwai na yi da ita. Usman yana bayana, bai taɓa ni ba.

Alhamdu lillahi. Har yanzu ina ɗan jan ƙafa, kuma maganin hawan jini ya zama abokina har ƙarshen rai. Na gode wa Hawwa, da Ustaza Amna, da likitan da ya faɗi gaskiya, da ku masu addu'a. Usman, na yafe maka duniya da lahira.

Sa'o'ina, ku auna jini ko kuna jin garau. Ku rage sukari. Ku taka zuwa masallaci da ƙafarku. In baki ya karkace ko hannu ya saki, babban asibiti a ranar, kada ku yarda a ce muku tsufa ne.

Ku kuma 'ya'ya, ku rage wa iyaye nauyi, amma kada ku raba su da motsi don tsoron bakin mutane. In tsohuwarka ta ɗauki tsintsiya, kada ka ƙwace. Ɗage mata tabarma kawai.