Azumin Sarjan Mele

Cikin dukan ranakun aikina, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka kawo mana Sarjan Mele a kan jaki, mutum biyu na riƙe da shi, yana ta ɗaga wa wani abu hannu a sararin sama. A Gure ne, a shekarun 1930, wata shekara da azumi ya faɗo cikin sanyi. Ni a lokacin anfirme ne, wato mai jinya. Ku masu jinya na yau da kuka tarar da gini da gadaje jere, ku sani likitarmu, kamar yadda muke kiran asibiti, ɗaki biyu ce ta ƙasa da rumfa. Lokotoro, wato dakta, ɗaya gare mu, soja Bafaranshe. Shi ke duba marar lafiya ya faɗi magani, ni kuma in wanke gyambo, in yi allura, in fassara masa Hausa da Barbarci.

Mele tsohon soja ne. Ya haye teku ya je yaƙin Turawa, ya dawo da igiyar sarjan da kuma shan giya. Bayan ya ajiye kaki sai ya kama lambu a wani kwari tsakanin tuddan rairayi, yana noman albasa a ƙarƙashin dabino. Kullum sai ya sha, safe da yamma, shekara da shekaru, daga kantin soja yake samowa. Amma ba mai rigima ba ne. In ya sha, labarin teku kawai yake bayarwa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, nakan zauna bakin rijiyarsa in saki baki har in manta da aikin da ke jirana. Ina son mutumin nan ƙwarai.

Da aka ga watan azumi, Mele ya je gaban liman ya rantse ya bar giya har abada. Matarsa, Ya Fanna, ta kwashe kwalaben ta tsiyaye su cikin rairayi tana guɗa. Gari ya ɗauka. Masu kanti suna miƙa masa hannu, tsofaffi suna sa masa albarka, duk inda ya bi sai barka da tuba. Ba wanda ya kawo wani abu a ransa sai alheri.

Azumi bai yi nisa ba hannunsa ya fara rawa, har buta ba ta riƙuwa. Gumi ya riƙa keto masa cikin wannan sanyi, barci ya ƙaurace masa, ya fara kaɗe wasu ƙwari daga rigarsa waɗanda shi kaɗai ke ganinsu. Maƙwabta suka ce ai iskokin da ke sa shi sha ne suka fusata, suna kokawar fita, a yi haƙuri. Aka yi turare, aka yi rubutu. Sai da ya faɗi a tsakar gida yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, ya ciji harshe, sannan aka tuna da mu.

Na kwantar da shi a rumfa da hantsi. Jikinsa zafi zau, idanunsa a buɗe tar, amma ba mu yake kallo ba. Ya kama hannuna.

"Anfirme, ka gan shi? Ga shi can ya shigo kwari."

"Wa ke nan, Baba Sarjan?"

"Jirginmu mana. Dubi yadda yake ratsa dabinon a hankali, ko ganye bai taɓa ba. Rairayin duk ya zama ruwa. Kai da kake cewa ba ka taɓa ganin teku ba, to ga ta ta zo har gida."

Wallahi sai da na waiwaya. Tuddan Gure na nan fari fat, rana na wasa a kansu, suna hawa da sauka har iyakar gani. Yadda yake faɗa da murya mai taushi, yana kiran sunayen abokansa da ke tsaye a bakin jirgin, yana cewa kifaye na shawagi a kan albasarsa, sai na ji kamar ƙasar na lilo a ƙarƙashin ƙafata. Na daɗe a tsaye, na ma manta ina riƙe da ma'aunin zafi.

Muryar lokotoro ce ta dawo da ni. Ya duba Mele, ya ce in tambayi matar yaushe rabonsa da sha. Da na fassara masa amsar, ya cire hularsa ya share goshi.

"Wa ya ce ya daina gaba ɗaya haka?"

"Ranka ya daɗe, tuba ya yi."

"Tuban na da kyau. Amma jikin da ya shekara yana jingine da giya, kamar bangon da aka tokare da itace ne. In ka fizge itacen, bangon zai faɗo. Da sun zo tun farko, da mun kwantar da shi, mu ba shi magani, ya rabu da ita lafiya."

Ya ba ni oda: maganin barci a cokali, ruwa da sukari a kai a kai, kada a ɗaure shi, kada a bar shi shi kaɗai. Aikin da na saba ne. Na kawo cokali bakinsa, sai Mele ya datse haƙora.

"Ina azumi, Anfirme. Kai ma ka sani."

Na lallashe shi, Ya Fanna ta lallashe shi, ya ƙi. Muka ce to, bari mu jira magariba. Rana ta faɗi, ladan ya kira salla, aka kawo kunu da dabinon lambunsa. Na ce, "Baba Sarjan, an sha ruwa." Ya nuna yamma da yatsa.

"Kada ka cuce ni, ƙanena. Ga ta can tsaye a kan ruwa, ja wur. A teku rana ba ta saurin faɗuwa."

Haka aka yi ta yi. A idonsa ranar nan ba ta motsa ba. Na je na ɗauko liman da kaina, dattijon kirki, ya durƙusa ya ce masa Allah ya ɗauke wa marar lafiya azumi, ya sha ya rama daga baya. Mele ya sara masa irin ta soja, ya ɗauka mai jirgin ne, ya tambaye shi yaushe za a iso gaɓa. Lokotoro ya yi masa allura, muka jiƙa tsumma muna ɗiga masa ruwa ta gefen baki, rabi na zubewa. Zazzaɓin ya ƙi sauka, karkarwar ta dawo ta sake dawowa. Wata safiya, ina goge masa fuska, ya ce an fara hango ƙasa. Daga nan bai sake magana ba.

A wurin jana'iza kowa na cewa ya dace, ya mutu da tuba a bakinsa cikin wata mai alfarma. Ni ma ina roƙa masa haka har gobe. Amma zuciyata ta yi nauyi, don na ji abin da lokotoro ya faɗa. Da mutane suka watse, Ya Fanna ta tare ni a zaure, muryarta ƙasa ƙasa.

"Anfirme, na ji Nasaran nan, ko ban san yarensa ba na ga fuskarsa. Ni na zubar da kwalaben. Ni na kashe shi?"

Na ce, "A'a, Ya Fanna. Alheri kika nufe shi da shi, mu duka haka. Ba wanda ya taɓa faɗa mana ne."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A aikinmu ba mugunta kaɗai ke kawo mana marasa lafiya ba, wani lokaci kyakkyawar niyya ce da ba ta san hanya ba. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai, barinta cuta ce mai zaman kanta, tana son gado da magani da mai tsaro. Tun daga shekarar, duk watan da ke gaban azumi nakan bi gidajen 'yan mashayan garin, don ba su da yawa kuma duk na san su, in ce wa kowa in ya yi niyyar bari, ya fara biyowa ta wurinmu. Mutane suka yi ta tsegumi. Wani mai kanti ya tsayar da ni a kasuwa ya ce, "Anfirme, ashe kai ne ke hana mutane tuba?"

Na ce, "A'a, Alhaji. So nake su tuba, kuma su ga salla."