Aikin da Bai Bar Tabo Ba

Da likitoci suka ce sai an cire wa yayata mahaifa, saboda ƙarin da ya hana jininta tsayawa, kawunmu ne ya zaɓi mai yin aikin, sai ka ce cikin nasa ne. Ɗan amininsa ne, bai daɗe da dawowa daga Faransa ba, ya buɗe asibiti a unguwar Treichville. Wai shi ba ya farke ciki, 'yan huji yake yi, ya zura kyamara ya raba mace da mahaifarta.

Ranar da ya zo gaishe mu a gidanmu na unguwar 220 Logements har kaza aka yanka masa. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Dokter, irin wannan operasiyon, ka saba yin ta da hannunka?" Ya yi murmushi, ya ce ya ga an yi ta da yawa. Kawu ya watsa mini harara. "Ke, ba ki da kunya? Ɗanmu ne fa! Diplom ɗinsa kike so ya nuna miki?"

Kawun nan fa, shaddar sallarsa ba ya ba sabon tela. Shago shago yake bi a kasuwar Adjamé yana juya ɗinkin mutane. Amma a kan cikin 'yar ƙanwarsa, tambaya ɗaya ta zama cin mutunci. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Aka yi aiki. Mata suka yi ta zuwa kallon cikin suna "Masha Allah, ko tabo babu!" Ba a je ko'ina ba fitsari ya fara zubo wa Yaya ba ta sani ba. Matar da Juma'a ba ta wuce ta a babban masallacin Treichville ta koma zaman ɗaki a kan leda, alwala ta ƙi zama. Wata likita da ta tsufa a wannan aiki ta ce mafitsara aka ji wa rauni. Yakan faru, in ji ta, amma wanda hannunsa ya faɗa yakan lura tun ana kan aikin ya ɗinke. Dole ta sa ta farke cikin ta gyara.

Kawu ya zo dubiya. Da ya ji labarin tsawon ɗinkin sai ya taɓe baki. "Matar nan ta ɓata miki ciki. Ɗanmu ko tabo bai bari ba."

Yaya, wadda ba ta taɓa mayar masa da magana ba, ta gyara mayafinta.

"Kawu, sai da aka yi mini tabon nan na iya komawa masallaci."