Ɗumin gado

Ko na tsufa, ranar da ajinmu ya shiga jirgin ƙarƙashin teku tana nan a raina. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin, muna zaune a La Courneuve, a gefen birnin Paris, gidan ɗaki biyu. Tanti, ƙanwar mamana, ta zo daga Maradi karatun jinya, kuma tana aikin dare a gidan tsofaffi. Gado ɗaya muke da shi: ni da dare, ita da rana. Kullum in na zo kwanciya sai in tarar da ɗuminta da ƙamshin man kaɗe. Ban taɓa cewa komai ba, don ni ba mai magana ba ce, sai dai in juya matashi, in buɗe taga. Ashe tana lura. Ran nan na ji tana ce wa mama, "Yaya, na takura wa yarinyar nan. Zan koma Lyon wajen ƙawata, karatun ya jira."

A makon ne aka kai mu ganin jirgin, wani tsoho baƙi da aka girke a kan tudu cikin Paris. Cikinsa bututu ne da wayoyi ko'ina, ga warin tsohon mai. Wani dattijo da ya yi aiki a irinsa yana mana bayani. Ya ce an ƙera shi ƙarami da gangan, don kada abokan gaba su ji motsinsa, shi ya sa inji da makamai suka cinye wurin. Ni kuwa gadajen nake kallo, sirara kamar kantar shago. Na ga ba za su ishi ma'aikatan jirgin ba.

Wani yaro ya riga ni tambaya. Dattijon ya ce ai karɓa-karɓa ake yi, wani ya tashi aiki, wani ya kwanta a gurbinsa.

"Tir! Da zufar wani?" in ji yaron. Aka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai, kamar da ni ake.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Babana ya yi yaƙi a cikin irin wannan. Ya ce in ka tarar da gado da ɗumi, ɗan'uwanka na raye, ya tashi ya tsare ka. Gado mai sanyi suke tsoro."

Washegari na ƙi tashi har sai da na ji makullin Tanti a ƙofa. Ta shigo idanunta jajur. Na ɗaga mata bargo na ce, "Tanti, shiga maza kafin ya huce."

Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, yau ba a buɗe taga?"

Na girgiza kai. Ba ta tafi Lyon ba sai da ta gama karatunta. Daren da ta tafi, gadon ya zama nawa ni kaɗai, da faɗi, da sanyi. Tun daga nan na gane cewa ƙuncin da ɗan'uwa ke sa ka ya fi sararin da rashinsa ke bari.