Wuraren da Keken Abokina Zai Iya Kaiwa

Abokina ne ya koya mini wasan, shekarar da ya zo gida Birnin Kudu rasuwar mahaifiyarsa. A unguwa ɗaya muka taso, aji ɗaya muka zauna a firamare. Shi karatu ya kai shi Ingila ya yi zamansa a can, ni kuma na zama ma'aikacin safiyo, mai auna filaye da gonaki. A lokacin an tura ni Gwaram. Iyalina suna Kano saboda makarantar yara da aikin maiɗakina, sai ƙarshen wata nake leƙa su.

Da masu ta'aziyya suka ragu, ya ce in raka shi bayan gari ya miƙe ƙafa. Muna cikin duwatsu ya zaro wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa daga aljihu. Na san ta, GPS ce, irin wadda mukan aro idan za mu fita awo: ka ba ta lambobin wuri, ita kuma ta yi ta nuna maka kibiya har ka isa.

"Ku aiki kuke yi da ita," ya ce. "Mu can wasa muke yi."

Ya yi mini bayani. Mutane ne suke ɓoye 'yan ƙananan akwatuna a gindin bishiya, ko ƙarƙashin gada, ko cikin ramin katanga, sai su sa lambobin wurin a intanet. Mai nema ya loda lambobin a na'urarsa, ya je ya lalubo akwatin, ya sa hannu a 'yar takardar da ke ciki, ya mayar yadda ya same shi.

"To me ake samu?" na tambaye shi.

"Babu komai."

Na yi dariya har sai da na tuna makoki muke yi.

Sai ya ce akwai wani iri da ya gagare shi. Wasu masu ɓoyewar ba sa ba da lambobin gaskiya. Na bogi suke sawa, su ɗora wasa ƙwaƙwalwa a kai, sai wanda ya warware zai san inda akwatin yake. "Ka dai san ni da lissafi tun muna yara, mutumina. Kai ka riƙa warwarewa, ni in riƙa takawa."

Haka muka ƙulla. Yakan turo mini su ta imel, in buga a takarda in tafi da su Gwaram. Ɗaki ɗaya nake haya a wani gida da mai shi ya koma Kano. Idan aka tashi daga ofis kowa ya nufi gidansa ko majalisarsa, ni sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar in baje takardu. Wani wasan tutocin jiragen ruwa ne, kowace tuta da harafinta, ni da ban taɓa ganin teku ba. Wani kuma hoton tagogin wani tsohon gini ne, sai ka gane tsarin waɗanda ke buɗe da waɗanda ke rufe. Akwai wanda ya cinye mini damina guda. Ranar da ya buɗe na miƙe tsaye na ce, "Yauwa!" Babu wanda ya ji sai akuyar maƙwabta da ta saba shigowa cin ɓawon rake.

Warwarewar daɗi ce, shiryawar ita ce aiki. Kowace Asabar nakan hau babur zuwa Birnin Kudu, in shiga wani kafe da ke da kwamfutoci 'yan kaɗan da janareto mai tari. Sai in ɗauki kowane akwati in goge lambobin bogi in sa na gaskiya, don kada na'urar ta kai shi tsakiyar tafki. In taƙaita sunayen, saboda na'urar takan datse suna idan ya yi tsawo, sai ka ga guda uku da suna ɗaya. In cire waɗanda ya riga ya samo da waɗanda masu su suka kwashe. Sauran in jera su gari-gari, bisa layin jirgin ƙasan da yake bi, yadda idan ya sauka a tasha zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da komawa baya ba. Sannan in haɗa su a fayil guda in tura masa. Na san sunayen ƙauyukan yankinsu fiye da yadda na san na wasu mazaɓun Gwaram.

Mai kafen wani Alhaji ne mai fara'a, tsohon direban mota. Ya daɗe yana kallon taswirorin da nake buɗewa. Wata rana ya ja kujera ya rage murya.

"Malam, tsakaninka da Allah, zinare ne?"

Na ce masa 'yar takarda ce da guntun fensir.

Ya dube ni, ya gyaɗa kai. "Allah ya ba da sa'a," ya ce. Har na daina zuwa kafen bai yarda ba. Daga nan ban ƙara ƙoƙarin yi wa kowa bayani ba.

Abokina yakan turo hotuna. Ga shi a kan tudu iska ta cika masa riga, ga shi durƙushe a cikin taɓo yana dariya, akwati a hannu. Idan ya sa hannu a takardar yakan ƙara a ƙasa, "da na Gwaram." Mun yi shekaru a haka.

Sai wani fayil ya tafi, shiru. Na tura na biyu, shiru. Na ce sanyi ne ya hana shi fita. Ina ofis wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar waje ce, amma muryar matarsa na ji. 'Yar Kano ce, ni na yi masa babban aboki a bikinsu.

"Malam, abokinka ya faɗi," ta ce. "Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafa ba sa motsi, maganar ma ta tafi sai kaɗan."

Na yi salati, na yi addu'a, na ce Hajiya ki yi haƙuri. Da ta kashe na zauna ina kallon bango. Abokan aikina suna gardamar ƙwallo. Da la'asar na kira maiɗakina na faɗa mata, ta jajanta mini sosai, amma ina jin hayaniyar yara a bayanta suna neman takalmin zuwa Islamiyya, sai na ce ta je ta sallame su.

Ban daina warwarewa ba. Akwai tarin da ya turo kafin ya kwanta, kuma hannuna ya saba. Ina gamawa ina shiryawa ina ajiyewa, babu inda zan tura.

Bayan wasu watanni ta sake kira. An sallamo shi, an ba shi keken guragu, likitoci sun ce a riƙa fita da shi ya sha iska. Shi kuwa ya ƙi. Idan ta kawo keken sai ya juya fuska.

"Mutumin da ba ya wuni a gida," ta ce. "Jiya na buɗe durowa ina neman magani, ya hango na'urar nan tasa, sai ya kafe ta da ido. Ban san me zan yi da ita ba."

Na ce ta ba ni lokaci.

Kowane akwati yana da taurari da ke nuna wahalar hanyarsa. Mai biyar sai da igiya ko kwalekwale. Mai ɗaya, a ƙa'ida, keken guragu zai iya zuwa. Da can raina su muke yi, shi mai son hawan tudu ne, yakan ce na tsofaffi ne. Na dawo da duk abin da na taɓa warwarewa wanda bai kai ga nema ba, na sake tankaɗe su, na ware masu tauraro ɗaya da ke kusa da gidansu.

Amma ban yarda da taurarin kaɗai ba. Wanda yake tafiya da ƙafafunsa ba ya lura da matakala biyu. Sai na riƙa buɗe hoton tauraron ɗan'adam ina bin hanyar da ido, daga inda za a ajiye mota har wurin. Na karanta abin da waɗanda suka riga zuwa suka rubuta. Wani ya ce ya sha taɓo, na cire. Wata ta ce sai da ta ɗage a kan yatsun ƙafa, na cire. Wani wurin akwai 'yar ƙofar da ake yi don hana tumaki wucewa, keke ba zai shiga ba. Ina neman wanda mutum zai miƙa hannun hagu daga zaune ya ɗauka da kansa, ba a ɗauko a miƙa masa ba. Asabar da yawa ta tafi a haka, wata rana janareto ya mutu in koma Gwaram ban yi komai ba. Da na gama, 'yan ƙalilan suka rage. Na jera su daga mafi kusa, na tura mata.

Ba ta iya lodawa ba. Ranar da ta kira ina wajen Basirka, muna raba iyakar gona tsakanin wa da ƙani. Na ba su haƙuri na hau wani tudu inda sabis ya fi ƙarfi.

"Hajiya, ki soka kebul ɗin a bayanta, akwai 'yar roba, ɗaga ta. Me ya fito a kwamfutar?"

"Wani abu kamar jaka."

"Buɗe ta. Ki jawo fayil ɗin ki saka a ciki."

"Ya ɓace, Malam."

"Bai ɓace ba. Zare kebul ɗin ki kunna ta."

Manoman suna tsaye a ƙasa sun bar gardama suna kallona. Can ta ce sunaye sun fito. Sai na ji wani sauti a bayanta, ba kalma ba ce, amma na gane muryar.

Bayan wani lokaci ta turo mini hotonsa, na buɗe shi a kafe. Yana zaune a keke kusa da wani benci a bakin ruwa, an lulluɓe masa gwiwoyi da bargo. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. A hannun hagunsa akwai wani ɗan gwangwani baƙi. Ta rubuta cewa shi ya lalubo shi a ƙarƙashin bencin, ya hana ta taimaka masa, ita dai ta sa masa hannu a takardar. Na daɗe ina kallon hoton har Alhaji ya leƙo.

"Wannan ne mai zinaren?"

Na ce shi ne.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, ya koma wurinsa.

Fitar ta jawo masa mura mai tsanani, ya yi kwanaki a kwance, likita ya ce a bari sai yanayi ya yi ɗumi. Ɗumin ya zo ya wuce. Ita kaɗai ce, ga aiki ga jinya ga yara, ɗora shi a mota ma sai ta nemi maƙwabci. Ban tambaye ta sauran akwatunan ba, ita ma ba ta tayar da zancen ba. A hankali na daina zuwa kafe.

Abin da ya rage mana shi ne waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Takan kara masa a kunne ta tafi aikinta, ni in yi ta magana. In gaya masa ruwa ya sauka a Kwandiko, gero ya kai ƙugu, an yi wa masallacin unguwarmu sabon rufi, wane ya aurar da 'ya, wane ya rasu. Wani lokaci yakan ce "to," da ƙyar, a ja. Wani lokaci numfashinsa kawai nake ji.

Wata Juma'a ina ba shi labarin wani bijimi da ya kuɓuce a kasuwa ya shiga rumfar mai tukwane. Na ɗauko shi tun daga farko, ina kwaikwayon muryar mai rumfar, ina dariya. Da na kai ƙarshe ban ji komai ba, na duba wayar, ashe ta daɗe da yankewa. Na sake kira, Hajiya ta ɗauka ta ce barci ya ɗauke shi, sai wani satin. Na ce a gaishe shi idan ya farka. Hadari ya haɗo ta gabas, na tashi na shigo da babur cikin zaure, na kwashe shanyata.