Kondrat da Gicciyen Cocin Bakin Kogi

A kan rufin coci Kondrat Zuyev ya girma. Ubansa Foma shi ne mai gyaran ƙubbobin Kargopol, kakansa ma haka, kuma garin ba ya rasa aikin. Tsofaffin coci-coci ne na farin dutse a jere a bakin kogin Onega, wasu tsufa ya sa sun fara nutsewa cikin ƙasa, kowace da ƙubbobinta masu siffar albasa, waɗanda dusar ƙanƙara ke ci duk shekara. Tun kafin gemu ya fito masa yake ɗaura igiya a ƙugu ya haye har gindin gicciye, ya liƙe kwanon da ya yage, ya shafa fenti, ya zauna can sama ya ci gurasar kifinsa yana lilo da ƙafa.

Bai san tsoron bisa ba. Mutane yake tsoro. Da ya ga jami'in hukuma mai hula da baƙin takalmi, sai harshensa ya sarƙe. Matarsa Glafira, 'yar masunta, ita ce mai bakin gidan, sai dai ita kuma ko tsanin ɗakin ciyawa ba ta hawa sai ta runtse ido. 'Yarsu ɗaya, Dunya.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai hukuma ta fara rufe coci-coci. Aka zo aka tafi da limamin cocin bakin kogi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Mai kaɗa ƙararrawa ya yi ƙorafi a kasuwa, shi ma aka tafi da shi. Ana shiga bazara, wani jami'i da aka turo daga birni, mai suna Lapshin, ya shigo gidan Kondrat suna cikin shan miyar kabeji.

"Kai ne biri mai hawan ƙubba?"

"Ni ne, kwamared."

"Cocin bakin kogi za ta zama sito. Hatsi ba ya bukatar gicciye. Ka sauko mana da shi."

Kondrat ya ce hannunsa na ciwo. Lapshin ya dubi hannun, ya dubi Dunya da ke lasar cokali, ya yi murmushi.

"Allah ya sawwaƙe, in ji ku. Mai ƙararrawa ma da ciwon hannu ya fara. Yanzu yana can sansanin fursunoni yana sare itace, an ce ya warke."

Bayan fitarsa miya ta huce a kwano. Kafin la'asar zance ya gama gari. Agafiya maƙwabciyarsu, wadda ta karɓi haihuwar Dunya, ta leƙo ta kan shinge.

"Ɗan Foma, hannun da ya sa zarto a wannan gicciye zai bushe kamar ƙirare. Kakanka ne ya ɗora shi."

"To Inna, in ƙi?"

"Ni dai na faɗa maka."

Ya koma ciki ya zauna a kan benci. Glafira ta tsaya a kansa.

"Ka hau, baban Dunya. Allah yana gani, ya san wanda ya aiko ka. Su kuwa waɗancan ba su san kowa ba."

Ranar da aka sa, garin ya waye da iska mai sanyi daga kogi. Mata sun cika filin gaban coci, sun ja mayafansu har goshi. Kondrat ya shiga ciki. An riga an kwashe hotunan tsarkaka, sai fuskokin da aka zana a jikin bango suka rage, kuma ya ga kamar duk shi suke bi da ido. Ya bi siririn tsanin da ke cikin wuyan ƙubba, ya fita ta ƙaramar taga, ya jefa igiya ya haye. A karo na farko a rayuwarsa ya dubi ƙasa ya ji kansa na juyawa.

Gicciyen ƙarfe ne, ya fi mutum tsawo, sarƙoƙi na riƙe da shi ta kowace kusurwa. Kondrat ya ɗaure igiyar ƙugunsa a wata ƙugiya da ke jikin ƙubba, ya kwance sarƙoƙin gefen fili don gicciyen ya faɗa gefen kogi, inda babu kowa. Sannan ya fara goga zarto a gindinsa. Zarto na zamewa, gumi na zuba masa cikin ido duk da sanyin. Bakinsa na ta "Ubangiji ka yi mini jinƙai", bai ma san yana faɗa ba.

Ya ci rabin ƙarfen ke nan iska ta juya. Gicciyen ya yi wata irin ƙara, ya karkata, ya tumɓuko har da guntun katakon da aka dasa shi a ciki. Sarƙar da ta rage ta fyaɗo hannun hagunsa, ta share ƙafafunsa daga inda ya taka. Ya ji mata sun ja numfashi gaba ɗaya, sannan ya ji dirar ƙarfe a ƙasa.

Da hankalinsa ya dawo, yana reto a cikin igiya a ƙarƙashin tumbin ƙubba, inda babu abin kamawa. Igiyar ta haye masa ƙirji ta matse shi, jini na ɗiga daga hannunsa. Can sama yana jin ƙugiyar tana motsi cikin tsohon katako duk lokacin da iska ta kaɗa shi. Ya leƙa ƙasa. Lapshin na zagaye yana umartar maza su hau, maza na kallon takalmansu. Wata tsohuwa ta durƙusa ta ce hukunci ne, a bar shi da Mai shi. Kondrat ya ji ta sarai, kuma ya yarda da ita. Ya rufe ido, yana jiran ƙugiyar ta gama fita.

Sai ya ji murya daga tagar wuyan ƙubba, kusa da shi.

"Buɗe idonka, sakarai. Ni da na rufe nawa na hawo, ai ya isa."

Glafira ce. Fuskarta ta yi fari fat, leɓenta ya fashe inda ta cije shi, hannunta riƙe da doguwar sandar masunta mai ƙugiya a baki.

"Glafira, koma. Tsanin ya ruɓe."

"Na sani, ai ta kansa na biyo. Kama."

Ta miƙo sandar, ba ta kai ba. Ta ƙara fitowa har ƙugu, ƙafarta sarƙe da matakalar tsani, tana kuka tana zaginsa, tana zagin ubansa da ya koya masa wannan aiki. Da iska ta kaɗo shi wajenta ta maƙalo ɗamararsa. Ta ja, shi kuma ya kai hannunsa mai lafiya ya damƙi bakin taga. Suka zube ciki tare, suka daɗe zaune cikin kashin tattabaru, ba mai iya miƙewa.

Yatsu biyu aka yanke masa a asibiti. Agafiya ba ta ƙara yi masa magana ba har ta mutu, kuma da yawa in suka hango shi a hanya sai su tsallaka ɗaya gefen. Lapshin kuwa, a matsayin lada, ya sa aka naɗa shi mai kula da siton.

Nan wani tsoron ya sake samunsa. Inda gicciye ya tumɓuke ya bar rami a tsakiyar ƙubba. Ruwan farko da aka yi ya biyo ta nan ya zuba kan buhunan hatsin hukuma. A lokacin, mai sito da hatsi ya ruɓe a hannunsa sunansa maƙiyin ƙasa. Gyaran coci kuma, in wani ya kai ƙara, sunansa mai raya addini. Kondrat ya tsaya tsakanin buhuna yana kallon ɗigon ruwa. Ya rantse ba zai ƙara hawa ba, ga shi kuma babu wanda zai aika.

Da sassafe ya dafa kwalta, ya ɗauki guntun kwano ya hau da yatsu takwas. Ya yi amai kafin ya fita tagar, ya sake yi bayan ya dawo. Glafira na tsaye a ƙofar coci da sanda, duk wanda ya ɗaga kai ta tare shi.

"Hatsinku yake rufewa. Ko kun fi son cin ruɓaɓɓe?"

Sanyin ƙasar ba ya barin kwalta, don haka duk bazara sai ya sake hawa. Tsoron bai taɓa raguwa ba. Tun ana saura kwanaki abinci ke fita ransa, ya riƙa yi wa Dunya faɗa ba dalili. Da yaƙi ya ɓarke ba a ɗauke shi soja ba saboda hannun, ya ci gaba da sito da ƙubbarsa. A cikin waɗannan shekaru wasu coci-cocin garin da ba mai kula da su rufinsu ya rufta, bishiyoyi suka tsiro a kan bangonsu, aka kwashe duwatsun wasu aka yi gini. Ta bakin kogi ta tsaya, zanen bangonta ya dusashe amma bai wanke ba.

Ya daina hawa da ya haura sittin, sa'ad da ƙirjinsa ya fara ciwo, mijin Dunya ya karɓi tukunyar kwalta. Bai daɗe da rai ba bayan haka. A kwanciyarsa ta ƙarshe ya yi ta tambayar Glafira ko tana ganin za a yafe masa. Ta ce ba ta sani ba, ba ita ke yafewa ba, amma ya sha shayinsa kafin ya huce. An binne shi a maƙabartar bayan gari, mutane kaɗan suka raka shi. Glafira ta koma gidan Dunya, ta yi renon jikoki har ta kusa tamanin.